Haba 'Yan'uwa, Yaushe Tsawa Ta Zama Amsa?

'Yan'uwana cikin Ubangiji, na ga wani abu da ya tsaya mini a rai. Wani matashi, ɗan gidan masu bi, ya ce shi fa ya fara shakkar ko akwai Allah, zancen tashin Yesu daga matattu kuma ya fara yi masa kama da tatsuniya. Kafin ya rufe baki an yi masa caa. Wannan ya ce aljani ne ya shige shi, wancan ya ce boko ne ya lalata shi, wata kuma ta ce ya shirya wa wuta. Ba a sami ko mutum ɗaya da ya ce masa zauna mu yi magana ba.

Haba jama'a! Duk ranar da aka yi mana tambaya muka mayar da tsawa, mu da kanmu muka sa wa mai shakka hannu a kan zarginsa, cewa ba mu da hujja sai hayaniya. Alhali 1 Bitrus 3:15 cewa ta yi mu zauna da shirin ba da amsa ga duk wanda ya tambayi dalilin begenmu, da tawali'u da bangirma. Dalili aka ce. Tawali'u aka ce. Wanne muka riƙe a cikin biyun?

Ku duba Ubangijinmu mana. Toma ya ce sai ya ga gurbin ƙusa kafin ya yarda, Yesu bai kore shi ba, hannuwansa ya miƙa masa. Yahaya Maibaftisma, mutumin da ya nuna shi da yatsa a bakin Kogin Urdun, da kurkuku ta yi masa nauyi sai ya aika a tambayo: kai ne mai zuwan, ko mu jira wani? Amsar da ya samu ita ce a je a gaya masa abin da aka ji aka kuma gani, makafi suna gani, guragu suna tafiya. Shaida aka ba shi. To wane ne kai da za ka fi Yesu kishin Yesu?

Gaskiyar magana, yawancin fushin nan namu tsoro ne. Ba mu karanta ba, ba mu bincika ba, shi ya sa tambaya take razana mu. Bangaskiyar kuwa ba a lungu aka haife ta ba, haka Bulus ya faɗa a gaban Sarki Agaribas lokacin da Gwamna Festas ya ce yawan karatu ya haukata Bulus ɗin. Luka ya buɗe Bishararsa da cewa ya bi diddigin kome tun daga farko. A 1 Korantiyawa 15 Bulus ya ce mutum fiye da 500 sun ga Almasihu a raye a lokaci ɗaya, yawancinsu kuma suna nan da rai sa'ad da yake rubutun, wato mai musu ya je ya tambaye su. Tacitus, masanin tarihin Roma wanda ko kaɗan ba ya ƙaunar Kirista, ya rubuta wajen shekara ta 116 cewa an kashe Almasihu a hannun Bilatus zamanin Sarki Tibariyas. A 1961 ma an tono dutse a Kaisariya ɗauke da sunan Bilatus ɗin.

Masu cewa kimiyya ta kori addini fa? Georges Lemaître, wanda ya nuna da lissafi a 1927 cewa sararin samaniya yana ƙara faɗi, limamin Katolika ne ɗan Beljiyam. Francis Collins, wanda ya jagoranci aikin karanta ƙwayoyin halittar ɗan adam da aka kammala a 2003, da can bai yarda da Allah ba, daga baya ya bi Almasihu. Ban ce sunayen nan sun isa su sa mutum ya tuba ba, wannan aikin Ruhu Mai Tsarki ne. Amma sun isa su rushe zancen cewa sai mutum ya jingine hankalinsa a ƙofar coci kafin ya shiga.

Sa'an nan akwai abin da ba ya cikin littafin tarihi, yana cikin ranka. Ni dai na san wanda ya riƙe ni ranar da na tsaya a bakin kabarin wanda nake ƙauna, na san abin da ya sa na iya yafe wa wanda zuciyata ta ce kada in yafe. Kai ma kana da taka shaidar. Me ya hana ka faɗe ta a natse? Mai shakka zai iya ja da hujjarka, amma yana kallon yadda kake riƙe fushinka, yadda kake biyan bashi, yadda kake yi wa matarka magana. In bakinka yana wa'azin ƙauna, fuskarka tana ɗaure kamar ta mai shirin dambe, wanne zai gaskata?

Kuma in an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ban sani ba, zan bincika. Ba a rage maka kome ba. Matambayi ba ya ɓata, mu ne muke ɓatar da shi da muka rufe masa ƙofa. Yahuza aya ta 22 ta ce mu ji tausayin masu shakka.

Iyaye, ina roƙonku. Fastoci da malaman Lahadi, ina roƙonku. Ranar da ɗanku ya zo yana cewa "Baba, ta yaya muka san gaskiya ne?", don Allah kada ku daka masa tsawa. Ku jawo masa kujera, ku buɗe Littafi Mai Tsarki tare, ku bar shi ya gama tambayarsa. Don Allah ku bar shi ya gama.