Jakadun muhalli a jami'a: an ba su riga, an ɓoye musu mita

Duk farkon zango sai sanarwar ta sake fitowa a allunan jami'o'i da shafukansu na intanet: ana neman ɗalibai masu kishi da za su zama "jakadun muhalli". Aikinsu shi ne wayar da kan 'yan uwansu, da shirya ranar tsaftace haraba, da tuna wa mutane su kashe fitila in za su fita. Ladansu kuwa riga mai tambari, da takardar shaida a ƙarshen shekara, da abin da ake kira gogewa. Yayin ya bazu har ya zama shi ne alamar jami'ar da ta damu da muhalli. Kowa sai tafi yake yi, babu mai tambayar abin da waɗannan yaran suke da iko a kansa.

Ba su da iko a kan komai. Jakadan da aka naɗa bai taɓa ganin takardar kuɗin wutar ginin da yake kwana a ciki ba. Bai san wanda aka ba kwangilar kwashe shara ba, balle inda motar take juye ta. Ba a gayyatarsa zaman da ake yanke shawarar irin na'urorin sanyaya ɗaki da za a sayo, ko yadda za a gina sabon ɗakin karatu. Abin da aka damƙa masa shi ne tsintsiya, da kwalin rubutu, da izinin yi wa abokansa wa'azi.

In kana so ka gane dalilin da ya sa shugabannin jami'o'i suke son wannan tsari haka, duba jadawalin martaba. A 2010 Jami'ar Indonesiya ta ƙirƙiro ma'aunin UI GreenMetric, wanda yanzu jami'o'i fiye da 1,000 suke shiga. A 2019 kuma mujallar Times Higher Education ta fito da nata, wanda ta ɗora a kan muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015. A duka biyun jami'a ce take cike fom ta aika da bayanan kanta. Cikin abubuwan da GreenMetric yake ba maki har da yawan tarukan da aka yi a kan muhalli da ayyukan ƙungiyoyin ɗalibai. To, wanne ya fi sauƙi ga mai riƙe da asusun jami'a: ya canza tsofaffin na'urorin gini guda, ko ya ɗinka riguna ya tara yara a ɗauki hoto? Ɗalibi ya yi gumi a rana, jami'a ta hau tsani a jadawali, a buga a mujallar talla. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Kuma kada wani ya ce lamarin sabo ne, a yi wa shugabanni uzuri. Tun watan Oktoban 1990 shugabannin jami'o'i 22 suka taru a garin Talloires na ƙasar Faransa, bisa gayyatar Jean Mayer, shugaban Jami'ar Tufts ta Amurka a lokacin, suka rattaba hannu a kan ƙudurori goma. Ɗaya daga ciki shi ne jami'a ta zama abin koyi wajen tattalin albarkatu da rage shara a cikin gidanta. Daga baya ɗaruruwa sun bi sahu. Shugabanni ne suka ɗauki wannan alkawari da hannunsu, amma bayan shekara talatin da ɗoriya an wayi gari ɗan aji ɗaya ake tura wa nauyin cika shi.

Mu zo kan inda wutar take tafiya, domin a nan ne wasan ya fi ban takaici. A babbar jami'a mai bincike, ɗakunan gwaje-gwaje su ne manyan masu shan lantarki, don sukan ci ninkin-ba-ninkin abin da ofis mai faɗinsu yake ci. Akwai akwatin zuƙe hayaƙin sinadarai da masu binciken kimiyya suke aiki a cikinsa. Masana a cibiyar Lawrence Berkeley ta Amurka sun ƙiyasta cewa guda ɗaya yana iya cin makamashin da gidaje uku da rabi na can suke ci, saboda dare da rana yana fitar da iskar da aka riga aka kashe kuɗi wajen sanyaya ta ko ɗumama ta. Shi ya sa Jami'ar Harvard ta fara gangamin rufe murfinsa tun 2005. Akwai kuma firizar adana samfura da ake ajiyewa a kan digiri 80 ƙasa da sifili. In aka mayar da ita 70, ana iya rage kusan kashi 30 cikin ɗari na wutar da take sha, kuma samfura da yawa ba abin da yake samunsu. Sai na'urorin sanyaya ɗaki da suke kwana a kunne a ofisoshin da aka kulle tun la'asar, da manyan bututun ruwa da suke yoyo a ƙarƙashin ƙasa shekara da shekaru. Jakadanmu mai riga ba shi da mabuɗin ko ɗaya daga cikin waɗannan wurare. Shi dai ya je ya liƙa takarda kusa da makunnin fitilar banɗaki.

Ba ina cewa halayyar ɗalibai ba ta da tasiri ba. Tana da shi, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ne ake gudu. A 2005 Kwalejin Oberlin ta Amurka ta shirya gasar rage shan wuta tsakanin ɗakunan kwanan ɗalibai na tsawon mako biyu. Gaba ɗaya an rage kashi 32 cikin ɗari. Gine-ginen da aka sa wa na'urar da take nuna wa mazauna abin da suke ci nan take a kwamfuta sun rage kashi 55, waɗanda ake karanta musu mita sau ɗaya a mako suka tsaya a kashi 31. Abin da ya yi aiki a can shi ne lamba. An nuna wa yaro abin da yake ci, ya gani da idonsa, ya rage. Jami'ar da ba ta sa wa kowane gini mitarsa ba, ko ta sa amma ta ɓoye alƙaluman a aljihun teburin sashen ayyuka, ba ta da bakin cewa ɗalibai su yi tattali. Tattalin me, daga nawa zuwa nawa?

Haka batun kwandunan shara masu launi uku da ake ta ɗaukar hotonsu. Ɗalibai su ɓata lokaci suna koya wa juna cewa roba nan, takarda can, ragowar abinci a na uku. Da asuba motar ɗan kwangila ta zo ta haɗe su a ciki ɗaya ta nufi juji. Wannan ya faru a wurare da dama, kuma duk ɗalibin da ya gani sau ɗaya ba zai sake yarda da jakada ba. Ko a duniya baki ɗaya, rahoton OECD, ƙungiyar haɗin gwiwar ƙasashe kan tattalin arziki, na 2022 ya nuna kashi 9 cikin ɗari kacal na sharar roba ake sake sarrafawa. Maganar tana cikin takardar kwangila: wa zai kwashe, ina zai kai, wa zai auna, me za a yi masa in ya saɓa. Ɗalibi bai taɓa ganin wannan takarda ba. Dashen itatuwa kuwa ba sai na tsaya a kansa ba. Kowa ya san ranar dashe da jawabanta, amma ban taɓa jin jami'ar da ta kira taro bayan shekara biyu don a ƙirga waɗanda suka rayu ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, tarihi ya riga ya nuna abin da ɗalibai suke iyawa in suka ƙi tsayawa inda aka ajiye su. A watan Oktoban 2014 Jami'ar Glasgow ta Birtaniya ta zama ta farko a Turai da ta yi alkawarin janye jarinta daga kamfanonin mai da kwal, bayan ɗalibanta sun shafe kusan shekara suna matsa lamba. A Harvard an fara irin wannan fafutuka a 2012. Shugabar jami'ar ta lokacin, Drew Faust, ta fito a 2013 ta ce a'a. A Nuwamban 2019 ɗalibai suka mamaye fili ana tsakiyar wasan Harvard da Yale, aka kama wasu. Sai a Satumban 2021 magajinta Lawrence Bacow ya sanar cewa jami'ar za ta daina sa kuɗinta a wannan harka. Babu wanda ya ɗinka wa waɗannan yara riga, babu wanda ya kira su jakadu. A lokacin masu tayar da fitina ake ce musu. Ina zargin cewa wani ɓangare na farin jinin muƙamin jakada a wurin hukuma shi ne yana kama ɗalibi mai zafin kishi tun da wuri, ya ba shi abin yi, ya kawar da idonsa daga littafin kuɗi.

Masu kare tsarin za su ce aikin sa kai tarbiyya ne, bai kamata a saka kuɗi a ciki ba. Ban ji an ce wa daraktan sashen da yake kula da shirin ya bar albashinsa don tarbiyya ba. Aikin da ba a biya kuma ɗan mai hali ne kaɗai yake iya ɗaukarsa, shi kuwa wanda yake neman na makaranta bayan darasi an rufe masa ƙofa ke nan. Harvard ɗin nan tun farkon shekarun 2000 take biyan ɗaliban da suke wannan aiki a ɗakunan kwana, ba a kuma ji ta talauce ba. Wasu za su ce yara karatu suka zo, ba su san harkar gini da kwangila ba, alhali su ne ake koya wa injiniyanci da akanta a ajin da yake daura da ofishin mai maganar. Masu cewa alƙaluman wuta sirri ne kuwa, su faɗa mana sirrin wa ake rufawa.

Abin da ya kamata ba ɓoyayye ba ne. A sa mita a kowane gini, a riƙa liƙa sakamakon duk wata inda kowa zai gani. A biya ɗalibin da aka ɗora wa aiki, ko a lissafa masa shi cikin makin darasi, tare da malami mai duba shi. A ba su kujera mai ƙuri'a a kwamitin gine-gine da na sayen kaya. A kuma ba su ɗan asusu da za su juya da kansu. A 2007 ɗaliban Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun kaɗa ƙuri'a suka ƙara wa kansu dala 5 a kowane zango don irin wannan asusu, kuma su ne masu rinjaye a kwamitin da yake raba kuɗin. Kafin su, a 2000, na Jami'ar Kolorado da ke Boulder sun yi irin haka don sayen lantarkin da ake samarwa da iska.

Ga ɗalibin da ya ga sanarwar bana yana sha'awa, ba zan ce kada ya nema ba. Ya je. Amma ranar da aka kira shi ganawa, kafin a tambaye shi girman rigarsa, ya nemi a nuna masa takardar kuɗin wutar shekarar bara gini-gini, da kwangilar kwashe shara. In aka fara kame-kame, ya bar musu rigarsu.