Zama da iyali a ƙasar waje ba zaman otal ba ne

Da yawa cikin masu zuwa karatu waje suna ɗaukar gidan da aka sauke su kamar otal: tunda an biya kuɗi, sai shiga da fita yadda aka ga dama. Ba haka abin yake ba. Kuɗin na ɗaki ne da abinci, tsarin gida kuwa na masu gida ne. Idan ana cin abincin dare ƙarfe bakwai, to da kai aka dafa. In ba za ka dawo ba, ka tura saƙo tun da rana. Wanka da tsakar dare, barin kwano ba a wanke ba, ƙananan abubuwa ne, amma su ke ɓata zama.

Haka batun tafiye-tafiye. Kafin ka yanki tikiti, ka sanar da su inda za ka da ranar dawowa. Sannan ka duba takardunka da kyau, nan ne ake yawan yin tuntuɓe: izinin zama a Jamus zai kai ka Faransa ko Italiya har kwana 90 cikin 180, amma ba zai shigar da kai Ingila ba, domin ba ta cikin yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyakokinsu.