Kada Hatcher ya zama ƙofar shiga tofolojin aljabara

Duk sanda ɗalibin lissafi da ya kai shekarun ƙarshe na digirin farko ya nemi shawara a kan tofolojin aljabara, wato reshen lissafi da ke amfani da aljabara wajen nazarin siffofi, sunan da ake fara ambata masa shi ne Allen Hatcher. Ba na musun darajar littafinsa, wanda Maɗaba'ar Jami'ar Kambirij ta buga a 2002, kuma marubucin ya ajiye shi kyauta a shafinsa na Jami'ar Cornell. Sai dai a ganina bai dace a fara da shi ba. Hatcher yana koyarwa ne da zane da hasashen siffa, yana barin mai karatu ya cike giɓin hujja da kansa, shi ya sa wanda ƙafarsa ba ta kafu ba yakan gama shafi yana gyaɗa kai, sai ya iso tambayoyin aiki alƙalami ya ƙi motsi.

Na fi son a fara da kashi na biyu na littafin James Munkres mai suna Topology, bugun 2000, inda ake gina rukunin asali (fundamental group), wato hanyar rarrabe zagayen da za a iya yi a cikin siffa, daki-daki. A nan ɗalibi zai zauna da da'ira guda ɗaya, ya ɗauki zaren da ya kewaye ta, ya ɗaga shi zuwa layin lambobi da aka naɗe a samanta kamar murɗaɗɗiyar igiya, har ya tabbatar da hannunsa cewa abin da ke raba zagaye da zagaye shi ne sau nawa aka kewaya, kuma ta wane ɓangare. Daga wannan ɗan sakamako ne ka'idar Brouwer take fitowa, wato duk yadda aka motsa faifai zuwa cikin kansa ba tare da yagewa ba, dole a sami ɗigon da bai gusa ba. Wanda ya rubuta wannan hujja da kansa ya fi wanda ya karanta babi uku a guje.

Sharaɗi dai shi ne a san nazarin rukunai (group theory) na aljabara da yadda ake liƙe gefunan murabba'i su zama zobe mai kauri. Shi kuwa ɗan littafin Peter May na 1999, kada ƙanƙantarsa ta ruɗi kowa, don na waɗanda suka riga suka san hanya ne.

Bayan Munkres sai a koma wa Hatcher, a buɗe babinsa na 2 a kan homoloji, wato hanyar ƙirga ramukan siffa da aljabara, da takarda da fensir a gefe.