Sikanin gangancin da ake wa ɗalibai makafi ya ishe mu

Mu 'yan sa-kai da ke duba littattafan da ake ɗauka da na'urar sikanin domin ɗalibai makafi a nan Zariya, tura ta kai mu bango. Aikinmu shi ne mu ajiye littafi a gefe, kwamfuta a gefe, mu bi layi-layi muna gyara 'yan kurakurai. Yanzu kuwa sai dai mu sake buga littafin tun daga bango.

Ɗalibi zai tara kuɗin abincinsa ya kai littafi wani shago a Samaru ko Kongo. Yaron shago ya kifa shi a karkace, bai danne tsakiya ba, rabin layi ya shige inuwa. Wani shafin har da hoton babban yatsansa! Ya tsallake shafi goma, ya haɗa sauran ya miƙa, ya karɓe kuɗinsa cif. Ya san mai littafin ba zai gani ba balle ya yi magana. Haba jama'a, wannan ba cin amana ba ne?

Wasu ma hoton shafukan kawai suke bayarwa, alhali NVDA da JAWS da TalkBack, manhajojin da ke karanta wa makafi abu da murya a kwamfuta ko waya, rubutu suke karantawa, ba hoto ba. Ɗalibi ya buɗe, na'ura ta yi gum. In an dace an bi da shi ta manhajar da ke mayar da hoto rubutu, to littafin Hausa ya shiga uku: ɓ ta koma 6, ɗ ta koma cf, ƙ ta koma R. Lambar shafi ta faɗo tsakiyar jimla, jadawali ya cakuɗe kamar faten da aka juya. Kai mai ido za ka cinka abin da ake nufi. Shi da ke saurare da kunne, ga jarrabawa gobe, yaya zai yi?

Abin da ya fi ƙona mini rai, duk wahalar nan ta banza ce. Littafin da aka buga a 'yan shekarun nan, da kwamfuta aka tsara shi, kuma tsaftataccen kwafinsa na nan wurin masu ɗab'i. Tun a 2017 Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Marakesh ta 2013, wadda ƙasashe suka ƙulla don sauƙaƙa wa makafi samun littattafai, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta ba da damar mayar da littattafai yadda makafi za su iya karantawa. Amma je ka roƙa, sai a ce maka, "Malam, sace mana za a yi." A Zariya fa, garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939!

Mu ba albashi muke nema ba. Datarmu muke ƙonawa, mu kai tsakar dare in an bar mana wuta. Mai shago, in ba ka iya ba ka ce ba ka iya ba. Masu ɗab'i da malaman da ke rubuta littattafan kwas, ku ba mu kwafin kwamfuta tun farkon zango, ba ana saura mako a shiga jarrabawa ba.