Darasin Firefox da Inkscape ga matasan Katsina

A watan Satumba na 2002 aka saki wata manhajar shiga intanet, wato burauza, mai suna Phoenix, lambarta 0.1. Wannan lamba kanta sanarwa ce cewa aikin ko kusa bai kai ba. Cikin waɗanda suka faro ta akwai Dave Hyatt da Blake Ross, shi Ross ɗin a lokacin shekarunsa 17. Sun tsiro ne daga cikin aikin Mozilla, wanda ya samo asali a 1998 lokacin da kamfanin Netscape ya buɗe tushen manhajarsa, wato rubutun umarnin da aka gina ta da shi, ga kowa bayan Internet Explorer ta Microsoft ta fara ƙwace masa kasuwa. Mozilla ta yi nauyi, ta haɗa burauza da imel da wasu tarkace wuri guda. Su Hyatt da Ross kuma suka ce a ware burauzar ita kaɗai, mara nauyi. Sunan ma bai zauna ba: Phoenix ya ci karo da na wani kamfani, aka koma Firebird a 2003, shi ma aka tarar da masu shi, sai a Fabrairun 2004 aka tsaya a kan Firefox. Firefox 1.0 ta fito ranar 9 ga Nuwamba, 2004.

Wannan tazara ta shekara biyu ita ce ta fi damuna. Duk tsawonta mutane na amfani da abin da bai kammala ba, suna kai rahoton inda ya karye, ana gyarawa, ana sake saki. Ra'ayina shi ne wannan hali ne ya fi ƙaranci a wurin matasanmu masu koyon rubuta manhaja a Katsina da Daura. Ɗalibi a jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha zai yi wata da watanni yana haɗa aikin kammala karatu, ya kare shi gaban malamai, a ba shi maki, a ɗaure takardun a ajiye. Manhajar ta mutu a cikin kwamfutarsa. In ka ce ya sa ta inda jama'a za su gwada, sai ya ce bai gama ba, ko kuma za a sace masa. Kunya da tsoro sun binne ayyuka da yawa a nan.

Labarin Inkscape ya ma fi kusa da mu, domin ya shafi sana'ar da ake ci da ita a cikin gari. A ƙarshen 2003 mutum huɗu, ciki har da Bryce Harrington da Ted Gould, suka ɗauki tushen wata manhajar zane mai suna Sodipodi, ta Lauris Kaplinski ɗan ƙasar Estoniya, suka kama tasu hanyar. Lasisin manhajar ya ba su wannan dama. Burinsu shi ne bin SVG, wani tsarin ajiye zanen da ake kira vekta, wanda hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta amince da shi a 2001. Inkscape ba ta kai lamba 1.0 ba sai a watan Mayun 2020, fiye da shekara 16 ke nan, alhali duk wannan lokacin mutane a faɗin duniya suna zana tambari da taswira da hotunan littattafai da ita.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon buga allon talla ya san amfanin irin wannan zane ko da bai san sunansa ba. Mai makarantar Islamiyya zai turo tambarin makarantarsa ta WhatsApp, a ja shi ya cika allon walimar sauka, sai ka ga gefen haruffa ya yi kaca-kaca, alƙalamin da ke tsakiya ya koma wani dunƙule. Dalili shi ne hoton ɗige-ɗige ne ƙidayayyu, in ka ja su sai su baje. Zanen vekta kuwa bayanin layi da lanƙwasa ne aka ajiye da lissafi, kwamfuta tana sake zana shi a kowane girma, daga hatimi har allon bakin titi, gefensa tas. Fayil ɗin SVG rubutu ne da kowa zai iya buɗewa ya karanta. Firefox 1.5 ta fara nuna shi kai tsaye a 2005, Internet Explorer kuwa sai a 2011 ta biyo baya.

Na san abin da masu shago za su ce, kuma suna da gaskiya. CorelDRAW, manhajar zane ta kuɗi, suka iya, a kanta ubangida ya koya wa yaro, ita maɗaba'a ke tambaya. Inkscape kuma ta daɗe tana da rauni wajen launukan buga takarda na CMYK, wanda ba ƙaramar matsala ba ce ga mai buga kalanda ko katin ɗaurin aure da yawa. Ba na cewa kowa ya watsar da abin da yake ci da shi gobe. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: yawancin kwafin da ke yawo a filasha ba saye aka yi ba. Ga haƙƙin mutane a wuya, ga cutar kwamfuta da ke biyo irin waɗannan kwafi ta cinye aikin abokin ciniki. Mai amfani da kwafin sata kuma ba shi da bakin kai ƙara in wani abu ya ƙi aiki.

Mu kuwa muna da ƙarar da za mu kai. Sau nawa ka ga allo an rubuta "kasa" a maimakon "ƙasa", ko ɗ da ɓ sun fito da wani salon rubutu daban da sauran haruffa, saboda salon da aka zaɓa ba shi da su? A manhaja ko salon rubutu mai buɗaɗɗen tushe, akwai inda ake rubuta irin wannan matsala a fili, kuma wanda ya iya zai iya zana harafin da kansa ya miƙa. Ba wanda zai yi mana wannan daga Turai in mu ba mu nuna ba.

Saboda haka ina kira ga sassan koyar da kwamfuta na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Kwalejin Hassan Usman Katsina da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura: a sa Inkscape a ɗakunan kwamfuta, ba ta buƙatar kuɗin lasisi. A kuma sanya sharaɗi cewa kowane aikin kammala karatu sai an saka tushensa a fili da lamba 0.1 tun zangon farko, wasu ɗalibai su gwada, su rubuta inda ya karye, a ba da maki a kan gyaran da aka yi.