Latas ɗin Jakara da tambarin Turawa

A nan Ingila kasuwar manoma tana da teburi iri biyu. Akwai na kayan gona na yau da kullum, akwai mai tambarin oganik, wanda ba a sa wa takin zamani ba, ba a kuma yi masa feshi da yawancin magungunan ƙwari na kamfani ba. Kafin manomi ya sami tambarin nan, sai gonarsa ta yi kamar shekara biyu a kan wannan tsari, masu bincike irin na Soil Association suna zuwa suna duba gona da takardu. Mai saye ne ke biyan kuɗin wahalar. Karas ƙanana, da ƙasa a jikinsu, amma in ka ji farashi sai ka ja da baya.

'Yan'uwanmu Kanawa da ke nan sukan ce ai mu tun kaka da kakanni oganik muke ci. Da gaskiyarsu ta wani ɓangaren. Manoman kewayen birnin Kano sun daɗe suna loda toka da shara da kashin awaki a mangala, jaki ya kai gona, shi ya sa ƙasar ke ba da gero da dawa kowace damina ba tare da an bar ta ta huta ba. Amma wannan zancen hatsi ne. Lambu daban.

Ka tsaya gaban mai latas da kabeji, yana yayyafa musu ruwa suna ƙyalli, za ka taya, za ka nemi gyara, amma ba za ka tambayi ruwan da suka sha ba. Alhali wasu lambunan a bakin Jakara suke, kogin da ke kwashe ruwan kwatamin birni, can gaba kuma ya haɗu da Getsi mai ɗauko ruwan masana'antun Bompai. Irin wannan ganye ko ƙwayar takin zamani bai gani ba, ni dai ba zan so a yi wa 'ya'yana kwaɗo da shi ba.

Sai maganin feshi. Tun da tsutsar da manoma ke kira Sharon ta cinye tumatirin Kadawa da Kura a 2016, wa zai ga laifin wanda ya rungumi galan ɗin feshi? Jarinsa ke nan. Matsalar ita ce a fesa yau a tsinka gobe, bayan kuwa a jikin kwalbar an rubuta kwanakin da za a jira. Haka wake: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki. Su sun ƙi, mu muka ci gaba da yin alala da ƙosai.

Don haka ban ga amfanin mu kwaikwayi tambarin nan ba. Mai 'yar fadama a Bunkure ba shi da kuɗin mai bincike, mai cefane a Yankaba ko Rimi kuma ba zai ƙara ko naira ba don takarda. Takin zamani ma ba shi ne abin tsoro ba in an sa shi daidai. Abin da nake so in gani shi ne malaman gona na KNARDA, hukumar raya aikin gona ta jihar Kano, suna shiga lambuna suna nuna awo da lokacin feshi, a tilasta wa masana'antu tace ruwansu kafin su sake shi, 'yan wake kuma su koma ga buhun PICS mai ledoji biyu a ciki, wanda ke shaƙe ƙwari ba tare da an zuba komai ba.