Ku Gina da Kuɗin Baikon Majami'a, In Ji Jami'in Ayyuka

Ranar Talatar da ta wuce na hau acaɓa tun da asuba zuwa sakatariyar ƙaramar hukumarmu a kudancin Katsina, ɗauke da takardar koke wadda mai unguwarmu, da limamin ƙauyen gabas, da fastocin majami'un ECWA da Angilika na ƙetaren rafi suka sa wa hannu. Kwalbati kawai muke roƙo. Unguwarmu gidaje ne ƙalilan, ba majami'a, ba ɗakin shan magani, saboda haka da zarar ruwan Agusta ya kankama, matan zumunta sukan tsaya a bakin rafi ranar Lahadi suna jiyo ƙararrawa daga ƙetare, sannan su juya gida. Mai naƙuda kuwa, sai dai a ɗora ta a amalanke a yi zagaye mai nisa.

Awa uku na yi a kan benci kafin a shigar da ni wurin jami'in ayyuka. Na rusuna na ce, “Ranka ya daɗe, barka da aiki.” Bai ɗaga kai daga wayarsa ba. Ya karɓi takardar da yatsu biyu kamar mai ɗaukar mushen ɓera, ya ce, “Malam, ina ne kuma nan?” Na kwatanta masa. Ya ce, “Akwatin zaɓe nawa gare ku?” Na ce a ƙauyen gabas muke jefa ƙuri'a. Ya yi dariya har da buga tebur, ya ce, “To, ku da kuke tara baiko kowace Lahadi, ku gina abinku mana.” Daga nan ya ɗora kofin shayinsa a kan kokenmu.

Madalla da wannan basira! Baikon da bai wuce tiyar dawa da 'yan naira ɗari-ɗari ba, wanda ya kasa sauya kwanon rufin majami'ar da ke yoyo, shi ne zai sayi siminti da rodi.

A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 ake gaya mana kason gwamnatoci ya ƙaru. Kuɗin acaɓa ne kaɗai muka ga ya ƙaru. Ban ga laifin 'yan siyasa sosai ba da suka jahilci rafinmu, domin da rani ake zaɓe, lokacin da ya ƙafe, motocinsu su ratsa yashi su raba taliya da atamfa a ƙofar masallaci da ta majami'a, su fice kafin ruwan farko ya sauka.